Rigar Sanyin 'Yar Maigatari

'Yata ta fari ba a hannuna take girma ba, kuma har yau da nake rubuta wannan raina bai kwanta ba. Na faɗa tun daga farko don kada wata ta zaci labarin haƙuri zan ba ta.

Ni 'yar Gagarawa ce, aure ya kawo ni Gumel. Maigidana sayen zoɓo da riɗi yake yi a ƙauyuka, ranar Alhamis ya kai kasuwar Maigatari. Yana da yaya mace a can Maigatarin, ta daɗe a ɗakin mijinta Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaya nake ce mata, kamar yadda ƙanin nata yake ce mata. Mace ce mai tsafta, mai kyauta, mai sanyin magana. Da ma a ce muguwa ce, da na samu abin kamawa.

Da lokacin yaye ya yi, surukata ta ce a kai yarinyar wurin gwaggonta ta manta nono. Haka ake yi, ba a kaina aka fara ba. Ni da kaina na ɗaure mata 'yan kayanta a ɗankwali. Nono ya cika, ya yi tauri, ya yi ciwo, ya ƙafe, yarinya ba ta dawo ba. Duk Alhamis maigida zai dawo ya ce tana nan lafiya, har ta yi kumatu. Sai wata rana surukata tana zaune a ƙofar ɗakina tana tsince wake, ta ce ai an bar wa gwaggonta ita. Ko ɗago kai ba ta yi ba, don a wurinta ba maganar da ta shafe ni ba ce.

A wurinmu ana kunyar ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Wadda duk ta buɗe baki ta ce a dawo mata da 'yar fari, ta ja wa danginta gori. Ni da ko a layin famfo ba a taka ni in yi shiru, a nan bakina ya mutu. 'Yar Maigatari nake ce mata in ta kama dole in ambace ta.

Bayanta Allah ya ba ni maza biyu a jere. Ina goyon na biyun na shiga makarantar manyan mata da ake yi a unguwarmu bayan la'asar. A nan na fara riƙe fensir, a nan kuma na fara riƙe tsinken saƙa, don malamarmu takan ware rana guda ta koya mana saƙa. Baƙaƙen boko sun ba ni wuya, saƙa kuwa kamar da ma tana jira na a yatsu. Ba sana'a na mai da ita ba, so nake yi kawai. Ina saƙa tuwo yana sulala, ina saƙa ina jiran niƙa ya dawo daga inji, ina saƙa da ɗa a cinya yana tsotso.

Wanda bai yi saƙa a gidan da ke da yara maza ba bai san saƙa ba. Babban ya ɗauki dunƙulen zare ya mai da shi ƙwallo, ya zagaye turmi, ya zagaye randa, ya haɗa da ƙafar akuya. Ƙaramin ya zare mini tsinke ya je yana kiɗan kwano, aikin yini guda ya zube. In yi ta masifa, in zauna in tsince. Duk da haka sanyi bai taɓa samun su tsirara ba: hula mai tuntu, safa, rigar sanyi, har wando na taɓa saƙa wa ƙaramin, ya ƙi zama a ƙugunsa. Auna su ba wuya. Malama da tef take koya mana, ni ɗani nake yi, in buɗe babban yatsa da na tsakiya in bi ƙirji da hannu da wuya. In damƙo yaro, in matse shi tsakanin gwiwoyina, yana ihu ina aunawa.

Ita 'yar Maigatari da me zan auna ta? In an kawo ta Gumel ma ba ni da damar jawo ta jikina.

Rigar farko ja na saƙa mata, da kintace. Na tuna girmanta ranar da aka tafi da ita, na ƙara kaɗan. Ashe a kaina ne kawai ta tsaya ba ta girma. Maigida ya kai, ya dawo ya ce Yaya ta gode ƙwarai, ta sa albarka, amma ko hannu bai shiga ba, ta ba jaririn maƙwabciyarta. Na ce madalla. Ranar miyar gidan gishiri ya yi mata yawa.

Da wani sanyin ya matso na yi dabara. Maƙwabciyata tana da 'ya sa'arta, wata ɗaya muka haihu. Na kira ta na ba ta alewa, na auna ta tsaf. Ruwan ɗorawa na saƙa, da ratsin kore a ƙirji, har malama ta ɗaga ta tana nuna wa 'yan aji. Abin da ban lissafa ba, 'yar maƙwabciyata a cikin 'yan uwa rututu take wawar tuwo, waccan kuwa ita kaɗai ce a gaban Yaya, madara da ƙwai da tsire duk nata ne.

Ba da daɗewa ba surukata ta kwanta zazzaɓi, Yaya ta zo dubiya da yarinyar. Ta shigo cikin wata rigar gwanjo mai zip, riƙe da gefen mayafin Yaya. Ta fi 'yar maƙwabciyata tsawo da kauri nesa ba kusa ba. Aka ce ta gaishe ni, ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Antin Gumel," ta koma bayan Yaya ta laɓe. Yaya kuwa Umma yarinyar take ce mata.

Sai Yaya ta ciro rigar nan da na aika daga leda. Kai ne ya ƙi shiga, ita kuma ta sa almakashi ta ɗan tsaga wuyan, ba ta san saƙa ba yadi ba ce. Zare ya bi ya warware har ƙirji, ratsin koren nan ya zama tsumma. Ta ba ni haƙuri har da dafa kafaɗa. Sannan ta ce, "Ki daina wahalar da kanki da kintace, ƙanwata. Ki riƙa tambayata, ai ni na san jikinta."

Da zagina ta yi da na san abin da zan mayar. Wannan kuwa gaskiya ta faɗa, da murmushi, a tsakar gidana.

Alhamis ta gaba maigida ya dawo da wata 'yar igiya mai ƙulle-ƙulle. Wai Yaya ta auna: wannan ƙullin ƙirji, wannan hannu, wannan wuya. Na karɓa na cusa a murhu yana kallo. Ya ce ni dai ba na son zaman lafiya, mace ta yi mini alheri ina ƙonawa. Na ce masa wata ba za ta aiko mini da girman abin da na haifa a igiya ba. Ya ɗauki butarsa ya yi masallaci.

Shekara ta zagayo, matar ƙanin maigida ta haihu a Ɗanzomo. Ranar suna muka bi ta Sule Tankarkar, daga nan babur ya ƙarasa da mu, ƙaramin a bayana, babban a gaban mai babur yana riƙe da madubi. Sanyi ya fara shigowa, a jakata akwai sabon zare shuɗi da ban taɓa ba.

Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon waina. Yaya tana kan tabarma a tsakiya, yarinyar a cinyarta, an yi mata ƙananan kitso da lalle. Tana yago waina tana ba ta a baki, tana goge mata leɓe da gefen zane. Mata sai yaba riƙo suke yi. Wata ta ce ko uwar da ta haifa sai haka. Wata ta ce ku duba, har kama ta fara yi da ita, hancin ma iri ɗaya. Hancin nan na ubana ne, duk Gagarawa an san shi. Ina gefe ina yankan albasa, ana raba mini 'ya har da hancinta.

Na ajiye wuƙa, na sauke goyo na miƙa wa ta kusa da ni, na wanke hannu. Na tsaya a tsakiyar gida na kira sunanta. Sunan yanka, ba laƙabi ba. Tun ranar da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba sai ranar.

Har mai suyar waina ta tsaya. Surukata ta yi salati ta rufe baki da mayafi. Wata taubashiyar maigida, da ma ba ma raga wa juna, ta ce, "To fa, 'yar Gagarawa yau kunyar a kan babur ta faɗi? Ko bokon tsufan ne ya fara aiki?"

Aka yi dariya. Ban bi ta kanta ba, na dubi surukata na ce, "Inna, aune zan yi. Riga biyu na ɓata, ba zan ɓata ta uku ba."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta ɗaga kai ta dubi Yaya ta ce, "Umma, in je?"

Yaya ta gyara mata ɗankwali ta ce, "Je ki mana, uwarki ce ke kira."

Kun ji fa. Kalmar da na daɗe ina jiran a faɗa mata, ita ma sai daga bakin Yaya ta fito, kamar kyauta. Mata suka hau yaba ta, wai mai halin girma.

Ta zo ta tsaya a gabana ƙiƙam. Na durƙusa na sa ta tsakanin gwiwoyina kamar yadda nake yi wa ƙannenta. Na bi ƙirjinta da ɗani, na bi bayanta, na bi hannu daga kafaɗa zuwa tsintsiyar hannu. Ƙamshin turaren Yaya take yi. Da na zo wuya, yatsana ya taɓa wani tabo a ƙasan kafaɗa, faɗinsa kamar ganyen zogale. Kafin in tambaya Yaya ta ce kunu ne ya zube mata bara, sun yi kwanaki a asibiti, an ce kada a tayar mini da hankali. Maigida ya sani, surukata ta sani, har taubashiyar nan ta sani. Na sake auna ƙirjin, na sake auna hannun, ba don na manta ba. Sai da surukata ta ce to ya isa haka, riga ce ko likkafani, sannan na sake ta. Da gudu ta koma cinyar da ta fito.

An ci namana a dangi har sanyi ya wuce. Ni dai ina Gumel ina saƙata, yara suna ja mini zare. Da na gama ban ba maigida ba, da ƙafata na je Maigatari, ni na sa mata. Ta zauna ɗas, kamar a jikinta aka saƙa.

Malama da ta ga rigar kafin in kai, ta ce na yi kuskure, yaro ana bar masa wurin girma, a ƙara tsawo a naɗe hannu, riga ta yi masa sanyi biyu ko uku. Haka kowace mace take yi, haka nake yi wa mazan. Na ce na ji, Malama. Ban ƙara ko rabin ɗani ba. Kafin wani sanyin rigar ta ɗage mata har cibiya, dole aka sake aune. Haka muke yi tun daga lokacin: in karɓo tsohuwar in warware, in haɗa da sabon zare, in saƙa daidai jiki. Maigida ya ce ɓarnar zare ce. Yaya ta gane sarai, ba ta taɓa cewa komai ba. Da an fara jin sanyin asuba za ta kawo ta da kanta, ta zauna a tabarmata tana shan fura tana kallonmu. Wannan shirun nata ma haushi yake ba ni.

Yanzu yarinyar tana firamare a can. Har yau Anti take ce mini. Amma bana da na kira sunanta ta taso, ta ɗaga hannuwa tun kafin in ce ta ɗaga, kuma ba ta waiwayi Yaya ba. Na lura, Yaya ma ta lura.

Shuɗiyar nan da na fara sa mata mai buɗaɗɗen gaba ce, na jera mata maɓallai farare. Sai na ji Yaya tana ba surukata labari, wai kullum da safe sai ta tsugunna ta ɓalla mata su ɗaya bayan ɗaya kafin ta fita, yarinyar tana dafe da kanta. Tun daga ranar na daina sa maɓalli. Mai zurawa ta ka nake saƙa mata, wadda za ta iya sawa da kanta.