Saje Bala Mai Ɗinke Kati a Laya

Na sha wahala a hannun Baba Saje Bala, wallahi ko a bakin daga ban sha irinta ba. Ku tsofaffin sojan Shahuci kun san shi. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ke biyansa, shi ya ɗora wa kansa tsaron kuɗinmu. Da ya ji kuɗin sallamar wani sun shigo, sai ka gan shi a ƙofar gida da sandarsa.

"Kawo katin bankin."

Ya tasa ka gaba har wurin baduku, a ɗinke katin cikin fata kamar laya, a rataya maka a wuya. Wai kuɗin sallama zafi gare su, sai sun huce. In kana son cira, sai ka koma wurin badukun ya farke, shi kuma bakinsa ba ya shiru, kafin la'asar Baba ya ji.

Kofur Tanko ya ce shi mota zai saya. Baba ya ce, "Madalla, ka saya. Daga yau kana da mota." Ya miƙa masa gwangwani, kullum ya zuba kuɗin mai. Ran Juma'a ya ce taya ta fashe, a ƙara. Ana haka Tanko ya zo zaure yana huci.

"Baba, na sayar da motar nan!"

"Ka huta. Dama birkinta ba kyau."

Wani kuma ya kawo masa kaza ta godiya. Baba ya hau shi da faɗa, ya ce ya mayar gida ta yi masa ƙwai.

"Ai zakara ne, Baba."

"Ka gani ko? Ko sayayya ba ka iya ba!"

Ni nawa ya fi muni. Kuɗin sallamata su ne duk abin da na tara a soja, ba gona, ba sana'a, ga 'ya'ya. Baba ya ce in kama rumfa kusa da Ƙofar Mata in sa kekunan ɗinki, tunda babban ɗana tela ne. Sai ga wasu 'yan kwat sun buɗe ofis, wai ka zuba kuɗi su ninka maka. Maƙwabcina ya zuba, har ya sake wa gidansa fenti. Hankalina ya tashi. Na je wurin Baba na ce a farke layata.

"Me suke sayarwa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To je ka tambayo."

Na je na dawo, na ce wai harkar waje ce.

"Wajen ina? Koma."

Haka ya dinga aike na kamar ɗan aike. Na yi fushi, na ce kuɗina ne ko naka? Ya ce, "Naka ne, Lawan. Wautar ma taka ce." Na ɗauke masa gaisuwa, bai ko lura ba.

Ana cikin wannan jan ƙafa ciwo ya kwantar da shi, ya cika. Mun dawo daga maƙabarta muna zaman gaisuwa, sai ga maƙwabcin nan nawa ba hula, yana salati. An garƙame ofishin, 'yan kwat sun gudu da komai. Na kai hannu ƙirji, na ji fatar nan tana nan daram. Na dinga kuka, mutane na cewa kai, Lawan ya ji mutuwar nan. Na ji ta, amma rabin kukan na tsira ne.

Ya Allah, bawanka Bala ya tsare mana abincin 'ya'yanmu bai ci ko loma ba. Ka tsare shi a kabarinsa, ka yalwata masa, ka yafe mini gaisuwar da na hana shi.

Washegari da hantsi na kira ɗana, na ce ya ɗauko tef ɗin awonsa. Muka tafi Ƙofar Mata duba rumfa.