Muryar da Muka Ji a Zaure

Shekarun baya can, lokacin wani rikici da sai da sojoji suka fito, ina aure a Kwarbai. Rana ta biyu da hantsi sai ga ƙawata, Kirista ce 'yar Wusasa, firamare ɗaya muke koyarwa. Ba takalmi, ba ɗankwali, zane a yage, da kyar take ɗaga ƙafa. Wasu maza masu adduna ne suka tare ta, suka ja ta cikin wani kango. Ba ta ƙarasa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Uwar mijina ta ce, "Innalillahi! Maza ɗora ruwan zafi." Muka gasa mata jiki, zanen kuma Inna ta cusa shi a murhu, wai a rufa wa baiwar Allah asiri. Wallahi a lokacin gani muke gata muka yi mata. Muka ɓoye ta a ƙuryar ɗakina.

Bayan kwana huɗu ma'aikata suka zo gida-gida suna rubuta waɗanda abin ya shafa. Gidanmu ba shiga ne, a zaure suka tsaya da maigidana. Na ce mata, "Daure ki faɗa, ina bayanki." Har ta miƙe, sai muka jiyo mai yi musu jagora, wani ɗan unguwarmu, yana cewa, "Malam, ya iyali? Ya muka ji da wannan fitina?"

Ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, ta ce, "Da shi a cikin masu addunan nan."

Maigidana ya leƙo ya ce, "Suna tambaya, akwai mai magana a ciki?" Bai san komai ba, ce masa muka yi gudowa kawai ta yi.

Ni da ake kira rediyo a makaranta saboda surutu, sai na hau lissafi. Mutumin nan ya san ƙofata, ya san hanyar da nake bi kullum. Na ce, "Lafiya lau, Malam, ba kowa."

Da gari ya lafa yayanta ya zo ya tafi da ita, ba ta sake koyarwa a cikin birni ba.

Har yau in ana lissafa ɓarnar rikicin nan ba a ambaci mata ba, ba na mamaki, don da bakina na ba da amsar. Shi kuwa ɗan unguwar tamu ya yi shekaru yana wucewa ta ƙofarmu yana ce mini, "Malama, ina kwana?" Ni kuma, don tsoro, ina amsawa.