Attahiru Mai Ramin Kashin Shanu

A Tsamaye, in ka tambayi gidan Attahiru, sai a ce maka, "Wane? Mai ramin kashi?" Da ba'a aka laƙaba masa sunan, amma yau shi da kansa yake amsawa.

Manomin albasa ne tun tashinsa, a fadamar da ya gada wurin mahaifinsa. Shekarar da fetur ya gagari talaka, injin ban-ruwansa ya yi shiru. Ya san in albasar ta ƙone, sai ya bar fadamar ya tafi cin rani kudu da furfurarsa, abin da ubansa bai taɓa yi ba.

Ana cikin haka ya tsallaka Nijar gaida ƙanwarsa. A lambun mijinta, Is'haƙa, ya tarar da inji yana ta feshin ruwa, ba jarkar mai ko ɗaya a kusa. Siririn tiyo ne kawai ya taho daga wani rufaffen rami.

Ya ce, "Is'haƙa, mi wanga inji ka sha?"

"Iskar kashin shanu, yaya. 'Yan boko na ce mata metan. Ita ka tasowa cikin taɓon fadama, wadda anka ce muna numfashin aljannu na. Shanunmu da naku guda na, kullum suna ƙetare iyaka. Ku kuna barin ta tana hawa sama tana ƙara ma duniya zafi, mu nan ƙauyen mun kama ta."

Attahiru ya riƙe baki. Abin da aka tsorata shi da shi tun yana yaro, ga shi yana shayar da tumatir!

Ya dawo gida ya haƙa rami, ya shafe da siminti, bakanike ya gyara masa injin yadda zai sha iska. Sai dai ya yi kuskure irin na manomi: busasshen kashi ya tara, wanda ake kai wa gona taki. Kwanaki suka wuce, tiyo ko tusa bai yi ba. Majalisar bakin masallaci ta sami abin dariya, ganyen albasa kuwa ya fara kwanciya. Har ya sa aka ɗaure masa kayan tafiya kudu.

Matarsa Sa'adiyya ta leƙa ramin ta ce, "Malam, ko nono ba shi kwana sai an sa mai tsohon tsami. Wanga ya mutu. A samo ɗanye."

Ya nufi rugar da ke sauka a gonar geronsa duk bayan kaka. Dattijo guda da ɗanyen kashi a ka, mutane na kallo, ga kunya kamar ta kashe shi. Ya dama da ruwa, ya zuba, ya rufe. Yana jira yana ɗibar ruwa da guga yana lallaɓa komayen albasar da ke kusa.

Wata safiya ya ƙyasta ashana a bakin tiyon. Wuta ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi, da ƙyar ake ganinta a rana. Tsoron Allah ya rufe shi. Wa ya ɓoye wuta a cikin jiƙaƙƙen kashi, in ba Mai Iko ba?

Ya haɗa tiyon, ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama. Komayen nesa sun riga sun ƙone, ruwan ya iso musu a makare. Na kusa kuwa da sauran rai.

Ya durƙusa a bakin magudana ya yi alwala da ruwan, hawaye na zuba. Sa'an nan ya dubi matarsa, wadda ta biyo shi fadamar.

"Sa'adiyya, je gida ki kwance min kayan nan. Ba za ni kudu ba."