Muryar da Baba Yake Ji

Yayata da murya aka haife ta, irin wadda in ta kira ka daga bakin titi sai maƙwabcinka ya amsa. Lasifika ake ce mata a gida tun tana 'yar shekara shida, kuma Baba ne ya raɗa mata sunan.

Shekara talatin Baba ya yi yana tura katako cikin injin yanka, har ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, ta gutsure rabin na dama. Duk wanda aka aika wurinsa sai ya jira a kashe inji. Ita ba ta jira. Daga bakin ƙofa take tsayawa, garin katako na zuba mata a ka, ta ce, "Baba, Mama ta ce ka dawo da wuri," sai ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. Abokan aikinsa su yi ta dariya, shi kuwa baki har kunne. Yakan ce duk gidan ita kaɗai ke magana, mu sauran motsa baki muke yi.

Ni ce ƙanwarta, kuma ni ce na fara jin kunyar muryar nan. In muka shiga motar haya tana ba ni labari, har direba sai ya sa baki. Nakan juya fuska taga, in nuna ban san ta ba.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta samu aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin kuɗi. Satin farko ta dawo ido jajir. Babbar teburin, wadda kowa ke kira Anti, ta gaya mata a gaban mutane cewa nan asibiti ne, ba tashar mota ba. Maimakon in taya yayata jin haushi, daɗi na ji, don an faɗi abin da na daɗe ina son a faɗa. Na ce, "Yaya, bar ni da ke, ni zan gyara ki."

Na je na zauna a kujerar masu jira kamar mai ganin likita, na saurari Anti awa biyu. Muryarta siririya ce, tana haɗiye ƙarshen kowace kalma, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da yatsu uku. Na kwashe duka na kai gida. Kullum in Yaya ta dawo aiki sai mu kulle ɗaki, in riƙe mata fallen takarda a gaban baki, ta ce, "Sannu da zuwa, me za a taimaka muku da shi?" In takardar ta motsa, a sake. Wata uku muka yi a haka, ina ta jin kaina wata malama.

Abin ya yi aiki, shi ya sa na daɗe ban ga laifina ba. Aka tabbatar da ita a aikin, Anti ta yi ritaya, Yaya ta gaji teburin, har yatsu ukun ta gada. Ta auri wani mai harhaɗa magunguna, mutum shiru-shiru, wanda yake gaya wa kowa sanyin muryarta ne ya ja shi. Da farko tana ajiye muryar aro a wurin aiki ta dawo gida da tata. Daga baya ta daina ajiyewa. 'Ya'yanta uku, ba wanda ya taɓa jin an ce mata Lasifika, in na ba su labari sai su ce mini, "Ke dai da zolaya."

In ta je gaida Baba sai ta durƙusa ta yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce, "Na'am?" ta maimaita a haka, Mama ta ɗaga murya ta faɗa masa abin da aka ce. Da Mama ta rasu, aka rasa mai faɗa masa. A lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa. Yaya za ta zo, ta share masa ɗaki, ta yanke masa farce, ta tafi, ya tambaye ni wace baiwar Allah ce wannan mai kirki.

Shekara goma sha takwas bayan fallen takardar nan, Baba ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Asibitin Yaya muka kai shi, ɗaki mai gado shida. Likita ya ja mu gefe ya ce karayar ba ita ce matsalar ba, zuciyar ce ta gaji, mu kira duk wanda yake son gani.

Mutum ɗaya yake son gani. Duk wanda ya taɓa gadon sai ya ce, "Lasifika ba ta zo ba?" Ita kuwa kowace awa sai ta bar tebur ta hau bene, ta gyara masa matashi, ta goge masa baki, ya ce, "Na gode, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka." Na sa baki a kunnensa na dama na ce, "Baba, ita ce wannan." Ya lalubi hannunta, ya girgiza kai.

"Kada ki yi mini wayo don na makance. Da ita ce, da tun daga bakin get na ji ta." Sannan ya ce, "Ko wani laifi na yi mata? Ki tambayo mini ita."

Rana ta uku, lokacin ziyara, ɗakin ya cika. Ga mijin Yaya, ga 'yan matan teburi biyu da ita ke koya musu magana, ga likita yana duba na gadon gefe. Baba ya sake tambaya. Na ga Yaya ta miƙe, ta ja numfashi har kafaɗunta suka ɗaga, yadda take yi muna yara. Kafin in yi tunani hannuna ya kai kan hannun rigarta, na ji bakina yana cewa, "Yaya, mutane." Ta sauke numfashin a hankali, ta gyara zaman bargo, ta fita.

Mahaifina yana kwance yana tunanin 'yarsa ta guje shi, ni kuma abin da ya dame ni kada 'yan mata biyu su ji ihu. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Da safe na same ta a tebur kafin mutane su taru. Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ki yi masa magana yadda zai ji."

Ba ta ɗago ba. "Kina tsammani ban gwada ba? Jiya a mota na rufe gilashi na gwada, ba ta fita. Ban san inda na ajiye ta ba."

Duk da haka ta tashi, na bi ta muka hau bene. Ba ta ƙarasa wurin gadon ba. A bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, kamar yadda take tsayawa a ƙofar gidan katako, ta dafa ƙyaure da hannu ɗaya. Kiran farko ya fito a shaƙe, ko na gadon farko bai juyo ba. Ta yi tari, ta share ido, ta sake jan numfashi. Ni kuma na harɗe hannuwana a baya, na riƙe su da ƙarfi.

"Baba! Ni ce!"

Wata nas ta saki faranti, ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Daga ƙasan bene na ji ana tambaya ko lafiya. A gado na huɗu, Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba.

Ta je ta zauna a bakin gadon, ya kama fuskarta da hannu biyu. "Lasifika, ina kika shiga shekara da shekaru?"

"Ina nan, Baba," ta ce, muryar tana cika ɗakin. "Kullum ina nan."

"A'a," ya ce. "Yanzu dai kika zo."

Kwana biyu ya ƙara, tana zaune a gefensa tana ba shi labari, duk ɗakin na ji. Sau ɗaya ya tambaye ta wa ya riƙe ta duk tsawon lokacin nan. Ina tsaye a ƙarshen gado, na sunkuyar da kai ina jira ta faɗa. Ta ce masa aiki ne ya yi yawa.