Jan Fitsarin da Na Yi Ta Tinƙaho da Shi

Shekarun baya can, tun kafin a ba mu mulkin kai, ina ɗan shekara sha biyu a Bungudu, na wayi gari fitsarina ya koma ja. Wallahi murna na yi. A wajenmu lokacin, yaron da ya fara fitsarin jini cewa ake ya zama namiji. Har abokina na kira bayan katanga ya gani. Shi ya riga ni da shekara guda, sai hura hanci yake yi.

Kawuna da nake hannunsa dariya ya yi. "Awo, wanga yaro ya girma!" Iyakar maganin da aka yi mini ke nan.

Daga nan lafiya ta ƙaurace mini. Mura sai ta yi wata guda, maruru ya warke wani ya fito, ƙaya ta soke ni wurin ya zama gyambo. Mahaifiyata ta zo daga Tsafe ta gan ni kamar sillen kara, ta ce a kai ni asibitin Gusau. Kawu ya ce, "Mi za a ce ma likita? Yaro ya balaga?" Washegari ta jefa ni motar gyaɗa muka tafi.

Malamin asibiti ya auna fitsarin ya girgiza kai. "Inna, tsargiya ce. Tsutsa ta shige shi wajen wanka a rafi. Jiki yana da sojojinsa cikin jini, ita kuwa ta galabaitar da su, shi ya sa kowace cuta ke cin galabarsa." Ni da wautata na ce, "Malam, in na warke, na koma yaro ke nan?" Mahaifiyata ta sakar mini ranƙwashi.

Na sha allurai masu sa amai har na gode Allah, amma na warke.

Da na koma na roƙi abokina ya je shi ma. Ya kwashe da dariya, wai an mayar da ni mace, manya kuma suka taya shi. Da damina wani tari ya zaga gari, duk wanda ya kama ya tashi, abokina kuwa bai tashi ba.

Na haura tamanin yanzu, kuma har yau abin yana ƙona mini rai. Haushin manyanmu nake ji, amma na kaina ya fi. Sau ɗaya tak na roƙi abokin nan nawa, da ya yi mini dariya sai kunya ta kama ni na yi shiru.