Buraima da Kan Burtu

Buraima ɗan Jigawa ne, direban motar kaya a Al-Sulay, can ƙasar Larabawa. Tun da ya fara zuwa cin tuwo gidana a Al-Jaradiya, bai taɓa gama kwano ba sai ya kashe zabin daji da baki. A faɗarsa ya san makwancinsu daga fadamar Haɗejia har gonakin geron Gumel: da damina suna kurmi, bayan girbi suna cikin kara, da rani suna bakin tafki.

Inuwa, ɗan garinsu, ya ce, "Hajiya, ubansa ne maharbi. Shi jaka yake ɗaukar masa."

A 2015 iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafil ɗinsa kuma, Balaraben da ya tsaya masa, yana ta ja masa rai, in ba a sabunta ba sai gida. Kafil ɗin mai kiwon shaho ne, don haka Buraima ya ce masa shi ma maharbi ne, ya aika gida aka kawo kan burtun ubansa. Kan tsuntsu ne da maharbi ke ɗaurawa a goshi, ya rufa da baƙar riga, ya tafi a duƙe yana caccakar ƙasa har namun daji su saki jiki.

Na ce masa, "Buraima, can akwai ciyawa. Nan me zai ɓoye ka?"

Ya ce, "Hajiya, ke dai tuƙa tuwonki."

Ranar da suka fita farauta hamada da kafil da mutanensa, Buraima ya sulale bayan tudu ya yi shigarsa, bai gaya wa kowa ba, wai zai ba su mamaki. Aka cire wa shaho hular da ke rufe masa ido. Abin da ya fara gani shi ne ƙaton baƙin tsuntsu yana caccakar rairayi. Ya kai masa sura, sai da aka ɗinke wa Buraima kunne.

Kafil ya yi dariya har ya zauna ƙasa, kuma a makon ya sabunta iƙamar. Tun daga nan duk daren Alhamis, idan baƙi suka taru shan gahawa, sai a kira Buraima ya ɗaura kan burtu ya caccaki darduma, suna ɗaukarsa a waya.

Da ya zo cin tuwo ya ce, "Hajiya, yanzu Larabawa sun san darajar sana'ar gidanmu."

Inuwa ya tsame hannu daga kwanon, ya koma waje ya ci.