Gayyar da Na Kira Ba Giya

A daminar da kurkunu ya kwantar da maigidana, ciyawa ta kusa cinye mana gero. Muna zaune ne a wata unguwar Maguzawa a ƙasar Roni, zamanin da dogarin hakimi ke zuwa karɓar haraji, kuma ba ruwansa da ciwon ƙafar kowa. Gona ɗaya gare mu. In ta lalace, ba abinci, ba haraji, dole maigidana ya bazama neman aiki a wata ƙasa ya bar ni da yara.

A wurinmu in noma ya fi ƙarfin mutum gayya yake kira, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da giya da makaɗi. To, mu ba mu daɗe da shiga addinin Kirista ba, mun daina dafa giya. Na je gidan wan mijina, wanda shi ne babba a dangi, na durƙusa na gaishe shi, na ce a taimaka mana da hannu, zan yi tuwo da kunu.

"Kunu?" in ji shi. "Suna za ki yi? Ki jiƙa dawa ki dafa giya kamar kowace mace, ki ga maza a gonarki. In ba haka ba, ki kira mai keken nan ya nome miki."

Mai keken shi ne mai bisharar da ke zuwa mana ran Lahadi. Ni har yau ban iya karatu ba, amma in ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya ba da labari sau ɗaya, shi ke nan, ya zauna a kaina. Na ce, "Yaya, ba zan dafa ba." A durƙushe na faɗa, amma na faɗa. Na fito raina a ɓace.

Ran gayya mata kaɗan ne suka zo, su ma don ganin idona. Ba ganga, ba kirari. Muka duƙa shiru kamar masu zaman makoki, na san shirun nan zai kore su kafin hantsi. Sai na buɗe baki na soma labarin wani yaro ɗan lele, wanda ubansa ya ɗinka wa riga mai ado, yayyensa suka tsane shi suka jefa shi a rijiya. Ina noma ina faɗa, ina kwaikwayon muryar kowa. Daidai inda fatake suka tsaya a bakin rijiyar muka kai ƙarshen kunya, sai na yi gum.

"Sai me ya faru?" in ji wata.

Na ce, "Yana kunya ta gaba."

Samari masu wucewa da fartanya a kafaɗa suka fara tsayawa a gefen gona. Da gangan na rage murya. Mai son ji sai ya matso, wanda ya matso kuwa ba zai tsaya ƙiƙam yana kallon mata suna noma ba. Har 'ya'yan wan mijina sai ga su a duƙe kusa da ni. Wata Bafillatana mai tallan nono ta saurara kaɗan, ta ce, "Ai mu ma malamanmu suna ba da shi! A ƙarshe dai..." Na ce, "Haba 'yar'uwa, rufa mini asiri, gonata tana bakinki!" Ta yi dariya, ta sauke ƙwarya ta zauna.

Rana ta take sai ga wan mijina ya taho korar 'ya'yansa. Ya iso an kai wurin yunwa: yaron da aka sayar ya zama babba a fadar sarki, rumbunan ƙasa duka suna hannunsa, yayyen nan sun zo sun durƙusa suna roƙon hatsi, ba su gane shi ba. Nan kam na ɗaga murya, ina kallonsa ido cikin ido. Allah ya sani da shi nake. Sannan na yi shiru, na kama sabuwar kunya.

Ya manta abin da ya kawo shi. Ya ce, "To, ya rama?"

Na ce, "Yaya, a gonar nan ba a ji a tsaye."

Kowa ya sunkuyar da kai. Mace ba ta faɗa wa wan miji haka, amma ban janye ba. Ya ce, "Bakin nan naki zai ja miki." Sai ya fizge fartanya daga hannun ɗansa ya duƙa. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya noma, ciyawa tashi kawai take yi a gabansa. Da na kai inda yaron ya rungume yayyensa yana kuka, ya sa aka cika musu buhuna, sai ya ja tsaki ya ce, "Wawa. Da ni ne sai sun sha bulala." Amma bai miƙe ba sai da kunyar ta ƙare.

Har ya mutu bai taɓa leƙa wurin sujadarmu ba, kuma sai da aka yi girbi kafin ya sake amsa gaisuwata. Wannan bai hana ni barci ba. Geron ya yi, muka biya haraji, maigidana bai je ko'ina ba.